Tambaya ga masana tarihin soja: da gaske ne an sauke kakanninmu a bayan Japanawa a yaƙin Burma?

Ɗan Kwarbai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san akwai tsofaffin sojoji da malaman tarihi a cikinmu, to ga wata tambaya da ta daɗe tana cina.

Kakana na wajen uba, Allah ya jiƙansa, ya je yaƙin Burma, ko Bama kamar yadda yake cewa. Mu mun taso ne mun tarar da shi tsoho, yana kasa goro a bakin zauren gidanmu a cikin birni, ƙwaurinsa duka biyu cike da baƙaƙen tabo da ya ce aikin matsattsaku ne. Ba mai son magana ba ne. Amma in damina ta kankama, ruwa ya tsare shi a zaure, sai labarin ya taso masa, mu kuwa jikoki mu zagaye shi.

Ya ce su ba da ƙafa suka shiga ƙasar ba. Jirgin sama ne ya kwashe su da dare daga Indiya, ya tsallake da su duwatsu, ya juye su a tsakiyar ƙasar abokan gaba, gaba Japanawa baya Japanawa. Ya ce ba gari aka tura su ci ba, aikinsu kawai su zauna a kan hanyar jirgin ƙasa su hana shinkafa da harsashi wucewa. Abincinsu daga sama ake jefo musu da laima, biskit da sukari da sigari da wani naman gwangwani da bai taɓa yarda ya kai bakinsa ba, sai dai ya ba wani Bature saje ya karɓi biskit a madadinsa. Abin da ya fi ba baffannina dariya shi ne in ya ce alfadaransu ba sa kuka. Da ya kawo nan sai su ƙyafta wa juna ido, wai Baba ya fara shaci-faɗi.

Kwanakin baya muna gyaran ɗakin kakarmu bayan rasuwarta, sai muka ci karo da adakarsa. A ciki akwai ɗan littafin sallama daga aikin soja, gara ta ci gefensa, amma ana iya karanta "12 NR". Akwai lambobin ƙirji guda biyu da suka dushe, da wani farin ƙyalle mai santsi da aka naɗe Alƙur'aninsa da shi. Gwaggona ta ce yankin laimar nan ne.

To don Allah, wannan labari na Baba gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya sa za a kwashi mutane a kai su bakin mutuwa don kawai su zauna a kan layin dogo, alhali ga jiragen yaƙi da za su iya ragargaza shi daga sama? Kuma a ƙarshe abin ya yi wani amfani? Sannan ko yana da alaƙa da barikin Chindit namu na nan Zariya?

Tsohon Samanja

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ka gaya wa baffanninka su yi masa addu'a su nemi afuwa, don tsohon nan bai ƙara ko ƙwayar gishiri a labarinsa ba.

Ni a nan Dafo na ci kurtu, kuma lokacin da muke sabon shiga akwai sauran tsofaffin Burma da ke zuwa faretin tunawa da 'yan mazan jiya, da malafarsu da lambobinsu a ƙirji. Daga bakinsu na fara ji, daga baya na bi na karanta. Abin da ke cikin littafin nan na kakanka, bataliya ta 12 ke nan ta rundunar Najeriya. Bataliya uku ce kacal tamu ta shiga wannan aiki, ta 6 da ta 7 da ta 12, su suka haɗu suka zama Birged ta 3 ta Afirka ta Yamma. An ciro ta daga Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma aka ba Janar Orde Wingate na Birtaniya, mai dakarun da ake kira Chindit. Sunansu barikin ya ci.

Sai ka fara gane ƙasar kafin ka gane aikin. Arewacin Burma tsaunuka ne da kurmi, ta yamma iyakar Indiya, ta gabas iyakar Sin. A 1942 Japan ta mamaye Burma ta toshe hanyar motar da ake kai wa Sin makamai ta cikinta, ya zamana sai dai jiragen Amurka su riƙa tsallake tsaunukan Himalaya da kaya. Shi ya sa wani janar na Amurka, Stilwell, ya taso daga Ledo ta ƙasar Indiya da sojojin Sin, suna yaƙi a gaba, injiniyoyi na binsu a baya suna fasa sabuwar hanya. Wadda ta tare musu gaba ita ce Runduna ta 18 ta Japan, gogaggun mayaƙa. Amma gogagge ma sai ya ci. Shinkafarsu da harsashinsu da maganinsu, yawanci ta layin dogo guda ɗaya suke hawowa, wanda ya taso daga wajen Mandalay ya nufi Myitkyina, ga hanyar mota tana binsa, dukansu a cikin kwari, tsauni dama tsauni hagu. Ka ɗauka mutum ya kafa sansani a Kwanar Dangora ya ce ba abin da zai wuce Kano, kuma daji ya hana a zagaye shi. Abin da aka tura kakanka yi ke nan.

Ka ce me ya hana a yi ta ruwan bama-bamai a huta. Ai an yi, kuma Wingate ya gwada abin da ya fi haka. A Fabrairun 1943 ya tsallaka kogin Chindwin da mutum 3,000 a ƙafa, babu namu a wannan karon. Suka dasa nakiya, suka karya gadoji, suka yanke layin a wurare da yawa, suka juyo. Mutum 818 ba su dawo ba, wani an kashe, wani an kama, wani ya ɓace, cikin waɗanda suka dawo kuma wajen 600 jikinsu bai ƙara ɗaukar fagen daga ba. Layin kuwa? Japanawa suka tara leburori, ba a jima ba jirgi ya ci gaba da wucewa abinsa. Ƙarfen dogo ba shi da wuyar sauyawa, ramin da bam ya haƙa kuma da shebur ake cike shi. Nan Wingate ya gane cewa in kana son hanya ta mutu, sai ka zauna a kanta da bindiga.

Don haka a 1944 aka sake lale. Daren 5 ga Maris aka fara. Akwai wasu jirage marasa inji, ƙashinsu ƙarfe da katako, jikinsu tamfol, jirgin Dakota ke jan su da igiya, in an iso a sake su su sauka da kansu a wani fili cikin daji. Fili biyu aka shirya a daren, amma ana dab da tashi hoton da aka ɗauko daga sama ya nuna an zube gumagumai a ɗaya. Hankalin kowa ya tashi, an ɗauka asiri ya tonu. Daga baya aka gane masu sana'ar katako ne suka shanya itacensu. Sai aka karkata kowa zuwa ɗaya filin, wanda suka sa wa Broadway, jiragen suka yi ta faɗa wa juna cikin duhu, aka yi asarar rayuka. Waɗanda suka tsira suka tashi da 'yar ƙaramar katafilar da aka sauko da ita suka daidaita ƙasa, washegari da dare Dakota ta fara sauka. Cikin mako guda an shigar da kimanin mutum 9,000 da dabbobi fiye da 1,000.

Kwamandan Birged ta 77, Calvert, bai tsaya ba, ya nufi layin dogo, wajen tsakiyar Maris ya ƙwace wasu 'yan tuddai a Henu kusa da tashar Mawlu, inda layin da hanyar mota suka matse da juna. Shi ne wurin da aka sani da White City, don laimomin kaya sun maƙale a bishiyoyi har dajin ya yi fari. Ƙyallen adakar Baba, ba mamaki daga irin waɗannan bishiyoyi aka ciro shi.

Namu sun biyo baya, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. An sauke su a wani sansani da ake kira Aberdeen a kwarin Meza. Bataliya ta 6 ta tsaya gadin wurin, ta 7 da ta 12 suka taka zuwa White City.

Yadda aka gina wurin shi ke burge ni, don aikin soja ne na gaske. Kowane rami an haƙa shi da zurfi, aka tumɓuke ƙarafan dogon da gumaguman da ke ƙarƙashinsu aka yi rufi da su, aka labta ƙasa a kai. Wato da kayan layin aka gina abin da ya kashe layin. Aka zagaye tuddan da waya mai ƙaya ninki kan ninki, aka binne nakiyoyi a tsakani, aka ja wayar tarho daga rami zuwa rami don kwamanda ya san inda ake matsawa ko da dare. Aka share filin jirgi a gefen layin, Dakota ta sauko musu da igwa da bindigogin kakkaɓo jirage. Kowane mashinga an saita masa inda zai share tun da rana, mai riƙe da shi ba ya buƙatar ganin mutum, in ya ji motsi a waya ya danna kawai.

Daga 6 ga Afrilu Japanawa suka zo da birged guda, har da igwa da 'yan ƙananan tankoki. Abin ya zama kamar an yi alkawari. Da yamma ruwan igwa, dare ya yi su taso da ihu su faɗa wa waya, kafin gari ya waye su janye cikin kurmi, da rana jiragen Amurka su bi su da wuta. Haka aka yi ta yi kusan mako biyu. Gawawwaki suka rataye a waya ba mai iya kwashewa, ga zafin bazara, har ana cewa matuƙan ƙananan jirage da hanci suke gane wurin. Calvert ya fita da wasu dakaru, har da bataliya ta 7, ya zagaya yana bugun Japanawa ta baya. Ta 12, ta kakanka, tana cikin masu riƙe ramuka. Ba a karya su ba. Layin ya zauna a rufe kusan mako bakwai, ko buhun shinkafa bai wuce ta nan ba.

Maganar alfadarai kuwa, likitocin dabbobi ne suka yi musu aiki a maƙogwaro tun a Indiya don kada kukansu ya tona asirin ayari a cikin daji. Dabba ta buɗe baki sai iska. Su ke ɗauke da na'urar oba-oba da batiranta da turmin igwa, kuma in oba-oba ta mutu to abinci ya mutu, don da ita ake gaya wa jirgi inda zai jefo kaya. Naman da Baba ya ƙi kuma ya yi daidai, guzurin kwali ne na sojan Amurka, gwangwanayensa da yawa naman alade ne.

Malamin Samaru

Baba Samanja, Allah ya ƙara girma. Mun sha karatu. Ba ni da ja a kan jarumtaka, kuma wanda ya kwana a ramin White City ya fi ƙarfin in zauna a kan kujera in yi masa hukunci. Amma tambayar ɗan'uwa ta uku, ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, a nan nake ganin sai mun yi hattara, don su kansu Turawan ba su taɓa haɗa baki a kanta ba.

Kafin a tara dakarun Chindit na 1944 sai da aka wargaza Runduna ta 70 ta Birtaniya ɗungurungum, rundunar da ta riga ta goge a yaƙin hamada. Janar Slim, wanda ke jagorantar sojojin Birtaniya a fagen Burma, ra'ayinsa shi ne irin waɗannan dakaru na musamman suna kwashe zaratan mutane da jirage fiye da abin da suke mayarwa. Babban abin da Wingate ya so kamawa, garin Indaw da filayen jirginsa, bai kamu ba a harin ƙarshen Maris. Birged ta 16 ta Fergusson ta taso a ƙafa daga Ledo tun farkon Fabrairu, ta ƙetare tsaunuka fiye da wata guda, ta iso a galabaice, aka kora ta. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga Maris, kafin yawancin namu ma su sauka. A ƙarshe an kashe 1,396, an raunata 2,434, ban da waɗanda zazzaɓi da atuni suka gama da su.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan. A makon da aka sauka Broadway, Janar Mutaguchi na Japan ya fara tura runduna uku yamma, su ƙetare Chindwin su faɗa Indiya ta Imphal da Kohima. Can ne aka yi yaƙin da ya karya ƙashin bayan Japan a Burma, kuma layin da aka datse a Mawlu ba shi ne ke ciyar da waɗannan ba. Har ma kutsen Wingate na 1943 yana cikin abin da ya sa Mutaguchi ya yarda cewa tsaunukan nan suna ƙetaruwa.

Wa ya kashe Japanawan Kohima da yunwa? Ni a ganina janar ɗinsu ne. Ya tura su da guzurin mako uku, da garken shanu da za su yi dako sannan a yanka, yana lissafin za su ci daga rumbunan Turawa in sun kama su. Shanun suka zube a hanya, rumbunan ba su kamu ba, damina ta sauko. A ƙarshen Mayu Janar Sato na Runduna ta 31 ya janye mutanensa daga Kohima ba da izini ba, ya ce ba a aiko masa da komai ba. Japan ta yi asarar fiye da mutum 50,000 a wannan tafiya, da yawansu ba harsashi ya kashe su ba. Gaskiya ne birged ɗaya ta Chindit, ta 23, ta shiga tsaunukan Naga tana tare musu 'yan hanyoyin da suka rage, amma gawa ta tarar ta ƙara mata duka.

Inda na yarda da Baba Samanja ɗari bisa ɗari shi ne maganar bam daga sama. Amurka ta zuba wa ƙasar Laos fiye da tan miliyan 2 na bama-bamai tsakanin 1964 da 1973, kaso mai yawa a kan hanyar Ho Chi Minh da ke bin tsaunukan iyakar Biyetnam, kuma hanyar ba ta taɓa rufuwa ba. Da rana a fasa, da dare a gyara.

Hajiyar Tudun Wada

Salamu alaikum. Jikata ce ke rubuta mini, ni ba na ganin ƙananan baƙaƙen nan.

Ɗana mai tambaya, Allah ya jiƙan kakanka. Ni ma mahaifina ya je, amma shi ba a jirgin sama aka kai shi ba, kuma ba a ba shi bindiga ba. Zamanin Sarki Ja'afaru ne dagacin ƙauyensu ya rubuta sunansa. Runduna ta 82 ya bi, can ɓangaren Arakan, inda sunayen barikin Dalet da Kalapanzin na Kaduna suka fito. Aikinsa dako. Gammo da adda, shi ke nan kayan aikinsa. Akwatin harsashi a ka, a hau dutse a sauka, a shiga ruwa har wuya, in an yi harbi a kwanta da kayan, in an sami mai rauni a ajiye akwati a ɗauki mutum. Har ya koma ga Allah tsakiyar kansa ba ta ƙara fid da gashi ba, in wanzami ya zo sai ya ce masa a rage kuɗi tunda rabin aikin an riga an yi a Bama.

Innarmu ta ce duk lokacin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito sai su aika yaro ya tsaya inda ake karanta wa maza, ya dawo ya faɗa musu abin da ya ji, ko da bai gane ba.

Na ji kuna ta maganar yadda aka yanke wa Japanawa hanyar abinci. To namu ɓangaren ita ma hanya ce, kuma inda mota ba ta shiga, alfadari ba ya hawa, kawunan mutanenmu ne hanyar. Ban taɓa jin an sa wa wani bariki sunansu ba. Malam na Samaru, in kuna koya wa yara ku riƙa sa su a ciki.

Ɗan Kwarbai

Na gode Baba Samanja, na gode Malam, Hajiya Allah ya ƙara lafiya. Na karanta wa babban baffana jiya bayan isha'i, da aka zo wurin alfadarai sai ya yi shiru ya ce a sake karantawa.

Amma Baba, in har sun riƙe wurin ba a karya su ba, me ya sa mako bakwai kawai? Wa ya tashe su? Don shi Baba abin da ya fi yi wa kuka ba harbi ba ne, ruwa ne da taɓo. Yana cewa sun yi tafiyar da takalmi ya ruɓe a ƙafa.

Tsohon Samanja

Ba wanda ya tashe su, ɗana, umarni ne. Hajiya, gaisuwa da girmamawa, maganarki dutse. Duk sojan da ya taɓa jiran kaya a daji ya san darajar mai kawowa.

Bayan mutuwar Wingate aka ba Janar Lentaigne riƙo, mutumin da tun farko bai gamsu da tsarin ba. Ga damina ta ƙarato, filin jirgin White City kuwa ƙasa ce zalla, in ta sha ruwa Dakota ba ta sauka. Ga Stilwell yana matsawa a matso arewa kusa da shi. Wajen 10 ga Mayu aka kwashe igwa da marasa lafiya da dare, aka bar wa Japanawa ramuka cike da tarko, aka fice. Tsakiyar watan aka miƙa dakarun a hannun Stilwell, wanda bai ɗauke su a bakin komai ba, ya riƙa tura su kan garuruwa masu ganuwa kamar suna da tankoki.

Sabon shingen da aka kafa kusa da Hopin, mai suna Blackpool, shi ya nuna inda tsarin yake da rauni. An kafa shi cikin gaggawa, kusa da ƙarfin abokan gaba, waya ba ta isa ba. Ruwa ya sauko, gajimare ya rufe tsaunuka, Japanawa suka jawo bindigogin kakkaɓo jirage har inda suke ganin filin. Jirgi ya zo ya kasa sauka, ya jefo kaya su faɗa hannun Japanawa. Mutanen da aka aika su yanke wa wani hanyar abinci, sai ga shi tasu aka yanke. Ranar 25 ga Mayu suka bar wurin suna jan masu rauni a taɓo, har sai da aka ƙarasa waɗanda ba za su ɗauku ba don kada a bar su da rai a hannun abokan gaba.

Tafiyar da Baba ke faɗa ita ce wannan ta arewa. Namu sun bi tsaunuka cikin ruwa zuwa yankin tafkin Indawgyi, aka ba su tsaron mashigin da ke gangarawa tafkin. A kan tafkin ne jiragen Sunderland masu sauka a ruwa suka riƙa kwashe ɗaruruwan marasa lafiya zuwa Indiya. A irin wannan ƙasa matsattsaku ta ramin igiyar takalmi yake shiga, in ka fizge shi bakin ya gyambace, gyambon kuma ba ya warkewa sai ka bar dajin. A watan Yuli likitoci suka duba birged ɗin da ta fito daga Blackpool, cikin mutum wajen 2,200 waɗanda aka samu da sauran ƙarfin yaƙi ba su wuce 120 ba.

Malam, na ji hujjojinka kuma ban musa lissafinka ba. Amma ka bar abu ɗaya. Birged ɗin da ta ƙare a wayar White City, da Runduna ta 53 ta Japan da aka jawo ta zo ta fasa Blackpool, da ba a tsare su a kwarin nan ba ina za a kai su? Imphal, ko kan Stilwell. Runduna ta 18 kuma ta yi ta ja da baya da cikin da ba komai. Calvert ya kama Mogaung ranar 27 ga Yuni da ragowar mutanensa, Myitkyina ta faɗi 3 ga Agusta, a Janairun 1945 ayarin motoci na farko ya kama hanyar Ledo zuwa Sin. Ni ba zan ce Chindit kaɗai suka yi wannan ba, kai ma ba za ka ce ba da su aka yi ba. Inda nake ganin an yi ɓarna shi ne bayan Mayu. An shirya mutane don wata uku, aka bar su har Agusta, a cikin damina, suna aikin da ba nasu ba. Kashi mai yawa na asarar da ka lissafa a wannan tsakanin aka yi ta. A ƙarshen Agusta na ƙarshensu suka fito, a Fabrairun 1945 aka rushe rundunar.

Layin dogon kuwa, da ya dawo hannun Turawa sai da suka zauna suka gyara abin da suka fasa, don su ma ba su da wata hanyar kai kaya a cikin damina. Kan jirgi mai aiki ya yi wuya, sai suka cire wa motocin jif tayoyi suka sa musu ƙafafun ƙarfe, suka ɗora su a kan dogo suna jan taragu tsakanin Myitkyina da Mogaung. Da wannan aka ciyar da Runduna ta 36 ta Birtaniya, wadda ta karɓi kakanka da abokansa ta ci gaba da gangarawa kudu.